Christian Lautenschlager, bakaniken da ya ci babban tseren Faransa sau biyu

A cikin direbobin tseren motoci na farko da ƙasar Jamus ta fitar, babu wanda labarinsa ya tsaya mini a rai kamar Christian Lautenschlager. Mutumin bai shiga tsere da yawa ba, ba a san shi da tuƙin ganganci ba, kuma bai fito daga gidan masu hali ba, amma sau biyu yana zuwa na ɗaya a babbar gasar Faransa da ake kira Grand Prix, wadda a zamaninsa babu tseren mota a duniya da ya kai ta daraja. Ya ci ta a 1908, ya koma bakin aikinsa a masana'anta, bayan shekara shida aka sake tura shi, ya sake cin ta a 1914. A ganina duka nasarorin biyu daga gareji suka fito, wato daga sanin da bakanike yake yi wa ƙarfe da roba, da sanin iyakar wahalar da za su iya ɗauka kafin su gaza.

An haife shi ranar 13 ga Afrilu, 1877, a Magstadt, wani ƙaramin gari da ke kusa da Stuttgart a yankin Württemberg na kudancin Jamus. Ke nan yana ɗan shekara 8 lokacin da Carl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a 1886, don haka ana iya cewa shi da mota kusan tare suka tashi. Yana da shekara 14 aka sa shi koyon aikin ƙarfe da injuna a Stuttgart. Da ya ƙare, sai ya bi al'adar masu sana'a na ƙasarsu, wadda ta tanadi cewa wanda ya gama koyo ya yi 'yan shekaru yana yawo yana aiki a ƙarƙashin iyayengida dabam-dabam kafin ya zauna wuri ɗaya. Ya yi aiki a Suwizalan, ya yi a wata masana'antar kekuna a birnin Chemnitz, sannan a 1899, yana da shekara 22, ya dawo gida ya sami aiki a kamfanin Daimler da ke Cannstatt.

Ya shiga kamfanin a daidai lokacin da abubuwa ke sauyawa da sauri. Mai kamfanin, Gottlieb Daimler, ya mutu a watan Maris na 1900. Shekara guda bayan haka babban injiniyan gidan, Wilhelm Maybach, ya fitar da wata sabuwar mota mai ƙarfin doki 35 bisa odar wani attajirin dillali, Emil Jellinek, wanda ya sa mata sunan 'yarsa Mercedes. A 1903 gobara ta cinye masana'antar Cannstatt har da motocin tseren da aka shirya, abin da ya gaggauta ƙaurar kamfanin zuwa Untertürkheim, kuma duk da haka a wannan shekarar wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya ci gasar Gordon Bennett a ƙasar Ayalan da motar Mercedes da aka aro daga hannun wani da ya riga ya saye ta. Duk wannan ya faru Lautenschlager yana cikin ma'aikata, yana hawa daga mai haɗa injuna zuwa bakanike, daga nan zuwa direban gwaji.

Aikin direban gwaji ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan aka gina mutumin. A wancan zamani kowace mota da hannu ake haɗa ta, kuma kafin a miƙa wa mai saye sai an fita da ita titi, sau da yawa ma ba a ɗora mata jiki ba, ƙashin mota ne kawai da inji da kujera. Direban gwaji zai hau tudu da ita, ya gangara, ya taka birki har ya ɗauki zafi, ya sauya giya yana sauraren ƙarar haƙoranta, ya duba ko ruwan lagireto yana tafasa, sannan ya dawo ya gaya wa masu haɗawa inda suka yi sake. Babu na'urar da ke auna masa komai in ban da kunnensa da tafin hannunsa da abin da yake ji a jikinsa ta cikin kujera. Wanda ya yi shekaru a kan wannan aiki, abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne gane matsala kafin ta bayyana, kuma ba a biyansa don ya yi gudu, ana biyansa ne don ya dawo da motar kamfani lafiya tare da bayanin da za a yi aiki da shi.

Ƙofarsa ta shiga tsere ita ce kujerar gefen direba. Motocin tsere na lokacin mutum biyu suke ɗauka, direba da bakanikensa, kuma a 1906 Lautenschlager ya zauna a wannan kujera a gefen abokin aikinsa Otto Salzer. Bakaniken tsere ba fasinja ba ne. Shi ke buga famfon hannu don iska ta tura fetur zuwa inji, shi ke lura da baƙin mai, shi ke waiwaye ya taɓa kafaɗar direba idan wata mota ta matso tana neman hanya, tunda babu madubi, kuma idan taya ta fashe a tsakiyar daji shi da direban ne za su diro su sauya ta, domin doka ta hana wani dabam taɓa motar. Idan aka yi haɗari kuwa, shi ne ya fi shiga uku, saboda direba yana da sitiyarin da zai riƙe, shi kuma ba shi da komai. Duk wanda ya san tasha a Birnin Kebbi ko Jega ya san irin wannan hanya, domin ita ce hanyar yaron mota: ya yi shekaru yana wanke mota, yana sa waigi, yana kwance taya, yana kallon hannun maigidansa, har ranar da za a ce masa ya karɓi sitiyari. Ferenc Szisz, wanda ya ci Grand Prix na farko a 1906 da motar Renault, shi ma ta wannan kujera ya bi.

An ƙirƙiro Grand Prix ne bayan da tseren gari zuwa gari ya zama abin tsoro. A 1903 an shirya tsere daga Faris zuwa Madrid a kan buɗaɗɗen titi, mutane suka mutu tun ranar farko, Marcel Renault na gidan Renault ma ya yi haɗarin da ya zama ajalinsa, gwamnati ta tsayar da shi a Bordeaux. Daga nan aka koma rufe wasu hanyoyin karkara ana zagaye su. Faransa ce uwar sana'ar mota a lokacin, kuma ta kafa gasar tana sa ran motocinta ne za su riƙa cinyewa. Renault ya ci a 1906, amma a 1907 Felice Nazzaro ya kai kofin Italiya da motar Fiat, don haka Faransawa suka shiga gasar 1908 da niyyar dawo da martabarsu.

An yi tseren ranar 7 ga Yuli, 1908, a kusa da Dieppe da ke bakin teku a arewacin Faransa. Zagaye ɗaya kusan kilomita 77 ne, za a yi goma, jimla kusan kilomita 770, kuma motoci 48 ne suka tashi, ana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya, agogo ne ke raba gardama. Motar da aka ba Lautenschlager tana da silinda huɗu, girman injinta kusan lita 13, ƙarfinta wajen doki 140, kuma sarƙa ce ke juya ƙafafunta na baya. Birki a ƙafafun baya kawai yake. Babu gilashin gaba, babu rufi, babu bel, mutum biyu ne zaune a sarari da tabarau a ido. Kamfanin ya sa motoci uku, kuma Lautenschlager, mai shekara 31, shi ne wanda sunansa bai kai ko'ina ba a cikin manyan direbobin da suka taru ranar. A wannan gasa ne aka haƙa dogon rami a gefen hanya inda ma'aikatan kowane kamfani suke tsayawa suna miƙo taya da fetur da kayan aiki, wanda shi ne asalin wurin tsayawar da ake gani a tseren zamani.

Matsalar ranar ita ce hanya. An malala mata kwalta don rage ƙura, amma da motoci masu nauyin fiye da tan ɗaya suka yi ta bin ta da gudu, sai kwaltar ta farfashe, duwatsu masu kaifi suka fito, suka shiga yanka tayoyi kamar da gayya. Tayoyin lokacin sirara ne, ana ɗora su a kan wani zoben ƙarfe da ake ɗaurewa da notuna a jikin ƙafar katako, kuma duk sauyi ɗaya yana cin mintoci. Otto Salzer ya tashi da wuta, ya yi zagayen da ya fi na kowa sauri a ranar, sama da kilomita 126 a awa, amma bai kai ko'ina ba motarsa ta fita. Motocin Fiat da suka karɓi gaba su ma injunansu suka gaza. Sannu a hankali tseren ya koma tsakanin motocin Jamus biyu, Mercedes ta Lautenschlager da Benz ta Victor Hémery, domin a lokacin kamfanonin biyu abokan hamayya ne, sai a 1926 suka haɗe. Dutse ya fasa tabarau ɗin Hémery ya ji masa ciwo a ido, ya tsaya aka duba shi, ya koma ya ci gaba, wanda ko ba komai ya nuna irin taurin ran mutanen. Wani direban Panhard mai suna Cissac da bakanikensa kuwa ba su tsira ba, taya ta fice musu suna cikin gudu, motar ta kife, duka biyun suka mutu, kuma su ne na farko da suka rasa rai a tarihin gasar.

Lautenschlager shi ma ya sauya tayoyi da yawa, har ajiyar kamfaninsa ta ƙare a zagayen ƙarshe, ta yadda da wata ta sake fashewa da shi ke nan. Abin da ya yi shi ne ya riƙa tattalin abin da ke ƙarƙashinsa, yana shiga kwana a natse maimakon ya jefa motar ta goge roba, yana sakin gudu a miƙaƙƙiyar hanya inda taya ba ta wahala sosai. Ya gama cikin awa 6 da minti 55 da 'yan daƙiƙoƙi, matsakaicin gudunsa kilomita 111 a awa, har da lokacin da ya ɓata a tsaye-tsaye. Hémery ya biyo shi da tazarar kusan minti 9, René Hanriot ya zo na uku da wata Benz ɗin, motar Faransa ta farko kuwa ta huɗu ta zo. Ya kamata mai karatu ya tsaya a kan wannan adadi na 111, ya tuna cewa a kan fasasshiyar hanya aka yi shi, awa bakwai a jere, da motar da ba ta da birkin gaba.

Na taɓa kawo wa kawuna wannan labari, tsohon direba ne da ya yi shekaru yana jan babbar motar Mercedes, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu ta Koko da Yawuri da Kontagora. Sunayen Turawan ba su dame shi ba, maganar taya ce ta sa ya gyara zama. Na san al'adarsa tun ina yaro: duk inda ya tsaya, kafin ya nemi ruwan alwala sai ya zagaye motar, yana buga kowace taya da guntun ƙarfe yana sauraren amonta, sannan ya ɗora bayan hannunsa a gefenta ya ji zafinta, ya zare duk tsakuwar da ta maƙale tsakanin tagwayen tayoyin baya. A watannin bazara, lokacin da kwalta ke narkewa tsakanin azahar da la'asar, yakan gwammace ya kwanta a inuwar mota har rana ta yi sanyi. Na ce masa, “Kawu, ai shi wannan tsere yake yi, ba lodi ya ɗauko ba.” Ya ce, “Ɗana, duk ɗaya ne. Taya ba ta fashewa sai ta yi magana, direba ne ba ya ji. Wanda ya taɓa kwance ta da hannunsa cikin rana, shi ne ke jin maganarta.” Ban ƙara masa komai ba, domin ya faɗi abin da nake ƙoƙarin faɗi game da tseren Dieppe, ya kuma fi ni sanin sa.

Kashin da Faransawa suka sha ya yi musu ciwo har manyan kamfanoninsu suka janye daga harkar, ba a sake gasar ba a 1909 da 1910 da 1911. Lautenschlager ya koma gwajin motoci a Untertürkheim. Da aka dawo da gasar a 1912, wani sabon ƙarfi ya bayyana, wato Peugeot, kamfanin da mu a Arewa muka fi sani da motocin 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Wasu direbobi uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, tare da mai zanen injuna Ernest Henry, suka fito da ƙaramin inji mai juyawa da sauri, mai bawul huɗu a kowace silinda, wanda ya kayar da manya-manyan injunan Fiat da suka kusa ninka shi girma. Boillot ya ci a 1912, ya sake ci a 1913, Goux ya je Amurka ya ci tseren Indianapolis a 1913. Boillot ya zama gwarzon ƙasa, mutum mai son a gan shi, mai tuƙin da ke tayar da 'yan kallo tsaye.

Gasar 1914, shekarar da Turawan Ingila suka haɗe Arewa da Kudancin Nijeriya, an sa ta ranar 4 ga Yuli a kusa da birnin Lyon. Kwana shida kafin nan aka harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, a Sarajevo, kuma duk da cewa ba a fara yaƙi ba tukuna, ƙiyayyar Faransa da Jamus ba ɓoyayyiya ba ce. An ƙiyasta mutum 300,000 ne suka fito kallo. Zagayen kilomita 37.6 ne, kusan tazarar Birnin Kebbi zuwa Jega, sai dai cike yake da hawa da gangara da kwanoni, kuma sau 20 za a zagaye shi, jimla kilomita 752. Doka ta taƙaita girman inji zuwa lita 4.5. Motoci 37 suka tashi, bibbiyu a lokaci guda, na Faransa shuɗɗa, na Jamus farare.

Shirin da Mercedes ta yi wa wannan rana shi ne ainihin labarin. Paul Daimler, ɗan mai kamfanin, wanda ya gaji kujerar Maybach, ya ɗauko dabarun injin jirgin sama da kamfanin ke ƙerawa ya zuba a mota: silinda huɗu na ƙarfe, kowace da rigar ruwanta da aka yi wa walda, bawul huɗu a kowace silinda, ƙarfin doki sama da 100. Watanni kafin gasar aka tura direbobi da injiniyoyi Lyon suka bi hanyar suna auna kwanoni da tuddai don a zaɓi giyar da ta dace, aka yi ta gwajin motocin har aka san abin da kowane sashe zai iya jurewa. Aka sa motoci biyar, iyakar abin da doka ta yarda, a hannun Lautenschlager da Salzer da Max Sailer da Theodor Pilette ɗan Beljiyam da kuma Louis Wagner, wanda shi Bafaranshe ne. Aka kuma yanke shawarar cewa kowace mota za ta tsaya sau ɗaya a tsakiyar tsere ta sauya tayoyinta, ko sun cinye ko ba su cinye ba. Akwai abu guda da Peugeot ta fi su da shi ƙarara, wato birki a ƙafafu huɗu, alhali Mercedes tana nan da na baya kawai, kuma a hanya mai gangara da kwana wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Da aka tashi, Max Sailer, injiniyan kamfani wanda bai taɓa shiga gasar ba, ya fita da gudun da ya ba kowa mamaki, ya karɓi gaba, ya yi zagayen da ya fi sauri a ranar. Boillot ya ƙi yarda a bar shi a baya a gaban mutanensa, ya bi shi da duk abin da motarsa ke da shi. A zagaye na shida injin Sailer ya buga. Masu tarihi sun rabu a kan ko da gangan aka saki Sailer don ya ja Boillot ya gajiyar da motarsa, ko kuwa zumuɗin sabon shiga ne kawai. Ni na fi karkata ga na biyu, domin yana da wuya kamfanin da ya kashe dukiya irin wannan ya sadaukar da mota guda tun da safe, amma ko ma wanne ne, sakamakon ɗaya ne: Boillot ya karɓi gaba da motar da ta riga ta sha wuya.

Daga nan ya riƙe gaba na tsawon awanni, kuma duk wanda ya rubuta labarin ranar ya yarda cewa ya yi tuƙin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Sai dai tayoyinsa ba su ba shi haɗin kai ba, ya yi ta tsayawa yana sauyawa, kowace tsayawa tana cin abin da ya tara da gumi. A bayansa fararen motoci uku suna tafe a jere, ba su ƙara gudu don tsoro ba, ba su rage ba. Wagner ya matsa masa na wani lokaci, sannan Lautenschlager, da bakanikensa Hans Rieger a gefe, ya matso ya zama na biyu, ya riƙa rage tazarar kaɗan-kaɗan a kowane zagaye. A zagaye na 18 ya wuce gaba. Boillot ya ci gaba da kora har zagayen ƙarshe, inda injin Peugeot ɗin ya mutu a gefen hanya. Lautenschlager ya gama cikin awa 7 da minti 8, matsakaicin gudu kusan kilomita 105 a awa, Wagner na biyu, Salzer na uku, Goux na huɗu. Motoci 11 kacal suka kai ƙarshe, kuma taron Faransawan ya karɓi fararen motocin uku da shiru.

Za a iya cewa, kuma an sha faɗa, wai Lautenschlager ba shi ne ya fi kowa gudu ba a ko ɗaya daga cikin gasannin biyu. Gaskiya ne. A 1908 Salzer ya fi shi saurin zagaye, a 1914 Sailer ya fi shi, kuma idan ana maganar gwanintar sarrafa mota a kwana, Boillot yana gabansa. Haka nan rabo mai yawa na nasarar 1914 na kamfanin ne, na waɗanda suka zana injin da waɗanda suka tsara tsayawa ɗaya. Amma mutum biyar aka ba irin motar nan, shirinsu ɗaya, kuma shi ne ya kawo tasa gaba. A gasannin biyu, waɗanda suka fi shi sauri a cikin abokan aikinsa ba su ga ƙarshen tseren ba. Abin da ya faru sau biyu, shekara shida tsakani, da motoci mabambanta a hanyoyi mabambanta, yana da wuya a kira shi sa'a. Tseren awa bakwai da injin wancan zamani tambaya ɗaya yake yi wa direba, wato nawa zai iya karɓa daga motar ba tare da ya kashe ta ba, kuma mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana haɗa irin waɗannan injuna yana gwada su ya fi kowa kusa da amsar.

Wata guda bayan gasar, ranar 3 ga Agusta, Jamus ta ƙaddamar da yaƙi a kan Faransa, ba a sake Grand Prix ba sai 1921. Boillot ya shiga rundunar sojan sama, aka harbo jirginsa a 1916, ya mutu. Motocin Mercedes na tseren Lyon kuwa kowace da inda ƙaddara ta kai ta. Ɗaya tana Landan ana nuna ta lokacin da yaƙin ya ɓarke, Ingilishi suka riƙe ta, injiniyoyin Rolls-Royce suka kwance injinta suka yi nazarinsa a daidai lokacin da suke shirin ƙera injunan jiragen yaƙi. Wata ta tafi Amurka, Ralph DePalma ya ci tseren Indianapolis da ita a 1915. Har a 1922, shekara takwas da ƙera su, wani basaraken Italiya, Giulio Masetti, ya ci tseren Targa Florio a tsaunukan Sisili da ɗaya daga cikinsu.

Bayan yaƙi Faransa ta yi shekaru ba ta karɓar motocin Jamus a gasarta, don haka Mercedes ta nemi wasu filayen. Lautenschlager ya shiga Targa Florio na 1922 ya zo na goma. A 1923, yana da shekara 46, aka tura shi Indianapolis tare da Max Sailer da Christian Werner, da sababbin motoci masu na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Filin ba irin wanda ya saba da shi ba ne, da'ira ce da aka shimfiɗe da bulo, ga santsin mai, kuma a zagaye na 14 motarsa ta ƙwace ta daki katanga. Ya sake zuwa Targa Florio a 1924, shekarar da Werner ya ci, kuma a cikin tawagar akwai wani direba mai suna Alfred Neubauer, wanda daga baya ya bar tuƙi ya zama shahararren mai tsara tseren Mercedes. Daga nan Lautenschlager ya ajiye tsere, ya ci gaba da aikinsa a masana'anta har ya yi ritaya.

A 1925 aka hana ɗaukar bakanike a motocin Grand Prix saboda yawan mutuwarsu, kuma ko da yake babu mai hankalin da zai yi jayayya da wannan doka, ta rufe ƙofar da mutane irinsa suka bi. Tseren da ya rage da mutum biyu a mota shi ne na dogon zango a kan hanyoyin gari da na daji, dangin wanda akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu, amma can ma aikin wanda ke gefen direba shi ne karanta masa hanya. Duk da haka gidan Mercedes bai daina fitar da direba daga gareji ba nan take. Hermann Lang, haifaffen Cannstatt, bakanike ne a tawagar tseren kamfanin kafin a ba shi mota, kuma ya ci gasar Tarabulus ta Libiya sau uku a jere, 1937 da 1938 da 1939, duk da cewa wasu abokan tuƙinsa ba su daina yi masa kallon yaron gareji ba.

Lautenschlager ya mutu a Untertürkheim, unguwar masana'antar da ya yi wa aiki, ranar 3 ga Janairu, 1954, yana da shekara 76. Wata shida bayan haka Mercedes ta koma gasar Faransa karo na farko tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Reims, inda Juan Manuel Fangio ya zo na ɗaya, Karl Kling na biyu. Ranar ita ce 4 ga Yuli, 1954, shekara 40 cif bayan tseren Lyon.